Fakewa da Guzuma: Saniya, Imani da Siyasa a Indiya

A jihar Gujarat da ke yammacin Indiya, wanda kotu ta samu da laifin yanka saniya yana iya ƙare rayuwarsa a kurkuku. Haka majalisar dokokin jihar ta tanada tun 2017. A Haryana da Uttar Pradesh hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 10. Amma ƙasar nan dai ita ce take loda nama sama da tan miliyan 1 a jiragen ruwa kowace shekara, ta aika Masar da Malesiya da Biyetnam da Iraƙi da Saudiyya, yankan Musulunci da shaidar halal a jikin kwalinsa, ta karɓi abin da ya haura dala biliyan 3. Kuma ba doka ake karyawa ba. Naman na ɓauna ne, wata ɓaunar gida baƙa da manoman Asiya ke kiwo, ana tatsarta, ana ɗaura mata garma, daban da ɓaunar dajinmu. Ita ce ke ba da kusan rabin madarar da Indiya ke sha. Ranar da nononta ya ƙafe kuwa, a yawancin jihohi, sai a kai ta kasuwa mahauci ya saya, doka ba ta ce uffan ba.

Dabbobi biyu ke nan masu aiki iri ɗaya, ɗaya ana kiranta uwa, ɗaya kuma haja ce. Da yawa daga cikinmu a finafinan Indiya muka fara ganin shanun ƙasar, farare masu tozo kamar bunajin rugagenmu (dangi ne kuwa, domin asalin shanu masu tozo daga can yake), suna kwance a tsakiyar titi motoci na kauce musu, sai muka ajiye abin cikin al'ajaban mutanen da ke "bauta wa saniya", muka wuce. Wannan fahimta ta yi gajarta. Girmama saniya imani ne na gaske, mai tarihi, wanda ya cancanci a mutunta shi. Dokar laifi da aka gina a kansa, da 'yan bangar da aka sakar wa mara su aiwatar da ita, wani abu ne daban. Ra'ayina shi ne imanin ya fi samun biyan buƙata a lokutan da ya dogara da lallashi da kawaicin maƙwabta, kuma tun da ya koma hannun 'yan siyasa ya cutar da Musulmi, ya cutar da talakawan Hindu, ita kanta saniyar ba ta tsira ba.

Mu fara ba imanin haƙƙinsa. Krishna, ɗaya daga cikin mafi soyuwa a ababen bautar Hindu, makiyayi ne a labaransu, a tsakiyar shanu ya girma. Man shanu ake zubawa a wutar ibada. Abubuwa biyar da ke fitowa daga saniya, wato madara da kindirmo da man shanu da fitsari da kashi, ana haɗa su a yi tsarki da su. A ƙauye kuma kashin nan shi ne makamashin girki, shi ne taki, da shi ake shafe daɓen ɗaki, bijimin da ta haifa kuma shi ke jan garma da amalanke. Gidan da ya yanka saniyarsa a shekarar fari ya ci naman mako guda, ya rasa abin noman shekaru. Da wannan bayani masanin al'adu ɗan Amurka, Marvin Harris, ya yi suna a shekarun 1960: a ganinsa haramcin dabarar tsira ce da manoma suka lulluɓe da rigar addini. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai bai gamsar ba, tunda ɓauna ma tana yin duk wannan hidima amma ba ta samu alfarmar ba.

Zurfin abin ya fito fili a binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021. Kashi 72 cikin 100 na 'yan Hindu da aka tambaya sun ce wanda ya ci naman shanu ba Hindu ba ne, alhali kashi 49 ne kawai suka yanke wannan hukunci a kan wanda bai yarda akwai Ubangiji ba. A binciken dai, kashi 77 na Musulmin Indiya sun ce mai cin naman alade ba Musulmi ba ne, kashi 60 kuma suka faɗi haka game da wanda bai yarda da Allah ba. Mai karatu Musulmi ya san wannan ƙyama a jikinsa. Yadda cikinsa ke juyawa idan aka ambaci naman alade, haka na maƙwabcinsa Hindu ke juyawa idan ya hango kan sa a teburin mahauci.

Masana tarihi sun nuna cewa haramcin bai fara da farkon addinin ba. D. N. Jha na Jami'ar Delhi ya tattaro hujjoji daga tsofaffin littattafan Veda cewa an yi hadaya da shanu a zamanin da, an kuma ci namansu. Da littafinsa ya fito a 2001 sai da aka yi masa barazanar kisa. Kafin shi, B. R. Ambedkar, jagoran 'yan Dalit kuma shugaban kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin Indiya, ya kawo wata fassara mai ɗaci a 1948. 'Yan Dalit su ne waɗanda tsarin asali na gado, mai jera mutane hawa-hawa tun daga haihuwa, ya jefa can ƙasa har ana ƙyamar taɓa su. Ambedkar ya ce manyan malaman Hindu sun bar naman shanu ne a gasar neman ɗaukaka da mabiya Buddha, talakawan da talauci ya tilasta wa ci gaba da cin mushen shanu kuma aka mai da su abin ƙyama. Ni dai ban ɗauki wannan tarihi a matsayin hujjar rushe imanin mutane ba. Abin da al'umma ta riƙe sama da shekara 1,000 ya zama nata, ko da kakanninta na farko ba haka suka yi ba. Amfanin tarihin shi ne ya tuna mana cewa tun asali zancen saniya yana tafe da zancen wane ne a sama, wane ne a ƙasa.

Ba 'yan Hindu kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Mabiya addinin Jain sun haramta kashe duk wani mai rai, har sufayensu kan share hanya kada su taka ƙwaro. A Bama, babban malamin Buddha Ledi Sayadaw ya yi wa'azi a shekarun 1880 cewa cin naman dabbar da ta noma maka abinci butulci ne, Firayim Minista U Nu ya hana yanka shanu a 1961, sojojin da suka hamɓarar da shi a 1962 suka soke dokar. Nepal ta ayyana kanta ƙasar da ba ruwanta da addini, amma kundinta na 2015 ya bar saniya a matsayin dabbar ƙasa. A Punjab, sarkin Sikh Ranjit Singh ya hana yankan a daularsa, kuma bayan Turawan Ingila sun ci ƙasar sun buɗe mayanka, 'yan ɗariƙar Namdhari suka riƙa kai wa mahauta hari, har Turawa suka ɗaure sama da 60 daga cikinsu a bakin igwa suka harba a Malerkotla a 1872.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne rawar da sarakunan Musulmi suka taka. Akbar, babban sarkin daular Mughal, ya hana yanka saniya a zamaninsa, abin da ya fusata wasu malaman fadarsa. A 1857, lokacin da sojojin Indiya suka yi wa Turawa bore (ɗaya daga cikin musabbabansa jita-jitar cewa an shafa wa harsasan sabuwar bindiga kitsen shanu da na alade, wato an haɗa Hindu da Musulmi an ci musu mutunci lokaci guda), sarkin Mughal na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, ya hana yanka shanu a Delhi da Babbar Sallah don kada layya ta raba kan mayaƙan. Lissafin mulki ne, babu shakka, amma lissafi ne na mai ƙarfi da ya zaɓi ya yi wa talakawansa kawaici.

Yadda abin ya koma ƙungiya da tuta kuwa, a ƙarƙashin mulkin mallaka ya faru. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar gyaran addini ta Arya Samaj a 1875, ya rubuta ɗan littafi kan tausaya wa saniya a 1881, daga nan ƙungiyoyin kare shanu suka bazu a arewacin ƙasar, suna tara kuɗi, suna gina garken ajiye tsofaffin shanu, suna tsare hanyoyin fatake. Saniya ta yi wa masu son haɗa kan Hindu wani amfani da babu abin da zai yi musu irinsa: al'ummar da harshe da asali da ababen bauta suka rarraba ta samu alama guda da kowa ya sani. A 1888 Babbar Kotun Allahabad ta yanke cewa saniya ba ta cikin abubuwa masu tsarki da dokar laifuffuka ta kare, wutar ta ƙara ruruwa. Da Babbar Sallar 1893 rikici ya ɓarke a yankin Azamgarh, ya kai har Bombay, aka kashe sama da mutum 100. Mafi yawan shanun da ake yankawa a lokacin don ciyar da sojojin Ingila ne, kuma Sarauniya Victoria da kanta ta rubuta wa wakilinta a Indiya a wannan shekara cewa fushin, ko da yake Musulmi ya nufa, a haƙiƙa Turawa ne abin harinsa. Amma barikin soja yana da bindiga, mahaucin unguwa ba shi da ita.

Me ya sa Musulmin Indiya suka nace wa saniya a layya, ga akuya ga rago? Amsar tana aljihu. Yawancinsu Hanafawa ne, a mazhabarsu mutum bakwai na iya haɗa kuɗi su yi layya da saniya guda, wanda ya fi sayen akuya bakwai araha nesa ba kusa ba. Mu da muka tashi a Malikiyya, inda rago ya fi falala, ba mu cika jin nauyin wannan ba, amma duk wanda ya taɓa shiga watanda ya san lissafin. Sai kuma abin da ke faruwa a ko'ina idan aka ce za a hana mutum abu da ƙarfi: abin da yake halal kawai a jiya ya zama alamar mutunci a yau.

Duk da haka an taɓa gwada wata hanyar, ta kuma yi aiki na ɗan lokaci. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da Mahatma Gandhi ya goyi bayan fafutukar Musulmin Indiya ta kare halifancin Usmaniyya, shugabanninsu irin su Hakim Ajmal Khan da Maulana Abdul Bari suka roƙi jama'arsu su bar layya da saniya don raɗin kansu, taron jam'iyyar Muslim League na Amritsar a 1919 ya amince da haka. Gandhi, wanda ya ɗauki kare saniya a matsayin ginshiƙin addininsa, bai yarda a mai da abin ciniki ba, kuma bai yarda a mai da shi doka ba. A watan Yulin 1947, ana saura makonni a samu 'yancin kai, aka sanar da shi cewa dubban wasiƙu na ta kwararowa ana neman a haramta yankan. Ya amsa a wajen taron addu'arsa cewa Indiya ba ta Hindu kaɗai ba ce, kuma ɗora wa wanda ba Hindu ba hukuncin addinin Hindu tilastawa ce. Ya tambayi masu sauraro yadda za su ji idan Pakistan ta hana su zuwa wuraren bautarsu da hujjar Shari'a. Wani abin mamaki, V. D. Savarkar, uban aƙidar kishin Hindu da jam'iyyar BJP ke tinƙaho da shi a yau, ya rubuta cewa saniya dabba ce mai amfani da ya kamata a kula da ita, ba abar bauta ba.

A majalisar tsara kundin tsarin mulki aka ɗaura auren da ya haifi rikicin yau. Masu kishin saniya, irin su Thakur Das Bhargava da Seth Govind Das, sun so a sa haramcin cikin haƙƙoƙin da kotu ke tilasta kiyayewa. Ba su samu ba. Abin da aka yi a Nuwamban 1948 shi ne aka sa shi a sashe na 48, cikin manufofin da ake so gwamnati ta sa a gaba amma ba a kai ta ƙara a kansu, irin Babi na 2 na kundin Najeriya na 1999. Kuma ba a ambaci addini ko sau ɗaya ba. Sashen ya ce gwamnati ta tsara noma da kiwo bisa ilimin zamani, ta inganta irin dabbobi, ta hana yanka shanu da maruƙa da sauran dabbobin tatsa da na noma. Wakilai Musulmi biyu, Z. H. Lari da Syed Muhammad Saadulla, sun yi wata magana da ta cancanci a tuna da ita. Sun nemi masu rinjaye su fito fili: idan don addini ake so a hana, a faɗa, kowa ya san matsayinsa; Saadulla ya ce ba zai tsaya a gaban hakan ba, amma ba zai yarda a shigo da addini ta bayan gida da sunan tattalin arziki ba. Ba a saurare su ba. Aka fake da guzuma, kuma har yau ana biyan kuɗin wannan fakewa, domin dokar da ta ɓoye dalilinta ba ta da iyakar da za a riƙe ta da ita. Idan dalilin tattalin arziki ne, me ya sa za a hana yanka tsohon san da ba ya iya jan garma? Idan kuma addini ne, ina iƙirarin cewa gwamnati ba ta fifita addinin kowa?

Kotun Ƙoli ta yi ta fama da wannan tambaya. A 1958, a ƙarar da mahauta Musulmi suka shigar kan dokokin Bihar da wasu jihohi, ta ce layya da saniya ba wajibi ba ce a Musulunci, ta amince da hana yanka saniya ko ta tsufa, amma ta ce bijimi ko ɓaunar da suka daina amfani ana iya yanka su. A 2005, a wata ƙara daga Gujarat, alƙalai bakwai suka zauna, masu rinjaye suka sauya matsayi, suka ce ko tsohon sa yana da amfani tunda yana kashi da fitsari. Hujjar tattalin arziki ta miƙe har ta kusa tsinkewa.

Kuskure ne a ɗora wa BJP tarihin duka. Gwamnatocin jam'iyyar Congress ne suka kafa yawancin dokokin jihohi a shekarun 1950, ciki har da ta Uttar Pradesh a 1955, ko da yake a wannan shekarar Jawaharlal Nehru ya ce gara ya ajiye mulki da a yi dokar tarayya. Ranar 7 ga Nuwamban 1966 dubun dubatar masu zanga-zanga, sufaye a gaba, suka nufi majalisar dokoki a Delhi, 'yan sanda suka buɗe wuta, aƙalla mutum 7 suka mutu, ministan cikin gida Gulzarilal Nanda ya rasa kujerarsa. Indira Gandhi ba ta ba da dokar ba, amma da ta tashi zaɓar wa ɓangarenta na jam'iyya alamar zaɓe sai ta ɗauki saniya da ɗan maraƙinta.

Abin da ya canja bayan hawan Narendra Modi mulki a 2014 shi ne tsananin hukunci da kuma wanda ke zartar da shi. Maharashtra ta faɗaɗa haramcin ya haɗa da bijimai a 2015, wasu jihohin suka bi sahu, aka ƙara dokokin hana safara. Sai ƙungiyoyin matasa masu kiran kansu masu gadin saniya suka fara tare manyan motoci da dare. A Satumban 2015, kwanaki kaɗan bayan Babbar Sallah, aka yi shela da lasifikar wurin bauta a wani ƙauye kusa da Dadri cewa wani magidanci Musulmi ya yanka maraƙi. Jama'a suka fasa gidansa suka yi masa rubdugu har ya mutu. 'Yan sanda suka kwashi naman da ke firjinsa suka aika ɗakin gwaji, sai ka ce sakamakon zai iya halatta jinin. A Afrilun 2017 aka kashe wani mai sana'ar madara a Alwar ta jihar Rajasthan, yana dawowa daga kasuwar dabbobi da shanun tatsa da rasiɗin saye a hannunsa. An ɗauki dukan a bidiyo, amma a 2019 kotu ta sallami mutum shida da aka gurfanar. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 44 da aka kashe ta wannan hanya tsakanin Mayun 2015 da Disamban 2018, 36 daga cikinsu Musulmi, ta kuma nuna yadda 'yan sanda kan shigar da ƙara a kan waɗanda aka daka ko iyalansu. Modi ya yi tir da abin a 2016 da 2017, ya ce yawancin masu gadin ɓata-gari ne da suka fake da saniya. Kotun Ƙoli ta ba jihohi umarnin daƙile kisan taron dangi a 2018. A 2020 Babbar Kotun Allahabad ta ce ana amfani da dokar Uttar Pradesh a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

A garin Una na Gujarat, a Yulin 2016, waɗanda aka ɗaure a jikin mota aka yi wa bulala a bainar jama'a ba Musulmi ba ne. Samari huɗu ne 'yan Dalit, laifinsu fiɗar mushen saniya, sana'ar da tsarin asali ya ɗora wa gidajensu tun kaka da kakanni. Martanin 'yan'uwansu ya fi kowace muƙala bayani: suka daina kwashe mushe, wasu suka jibge gawarwakin shanu a ƙofar ofisoshin gwamnati, suka ce wanda ya ce uwarsa ce ya zo ya binne ta. Majema da dukawa da masu jigila da ƙananan mahauta, nan ne dokar ke sauka. Manyan kamfanonin da ke fitar da naman ɓauna suna da lasisi da lauyoyi.

Mai kare dokar yana da hujja guda da bai kamata mu kauce mata ba. Zai ce Saudiyya ba ta bari a sayar da naman alade, jihohi 12 na arewacin Najeriya sun ɗauki Shari'a sun taƙaita giya, to don me za a hana Hindu, waɗanda su ne kusan kashi 80 cikin 100 na Indiya, su kare abin da suke girmamawa a ƙasarsu? Tambayar tana da nauyi, kuma wanda ya yi murna da dokar da ta dace da ƙyamarsa ba shi da bakin yi wa ta wani dariya. Amsata ita ce Indiya da bakinta ta ce ba ta da addinin gwamnati, Musulminta kuma, su miliyan 172 a ƙidayar 2011, ba baƙi ba ne da suka zo ci-rani, haka Kiristocin Kerala da ƙabilun arewa maso gabas da naman shanu ke cikin abincinsu na yau da kullum. BJP ma ta san haka, shi ya sa a Goa da wasu jihohin arewa maso gabas, inda take neman ƙuri'ar masu cin naman, ba ta ɗaga zancen. Imanin da ke tsayawa a iyakar jiha ya sake lissafi, da wuya a raba shi da neman ƙuri'a. Bayan haka akwai ma'aunin da ya hau kan kowace al'umma mai rinjaye, har da tamu: wa dokar ta ɗaure, wa ke zartar da ita, kuma me ke samun wanda ya kashe mutum a kan jita-jita? Garuruwanmu ma sun ga taron da ya yanke hukunci kafin alƙali ya zauna, saboda haka ba daga kan tudu muke kallon Dadri ba.

Saura manomi, wanda aka ce don shi aka yi sashe na 48. Saniya tana iya rayuwa shekara 15 zuwa 20, amma tatsarta na ƙarewa tun da sauran shekaru a gaba. Rabin abin da take haifa maza ne, tarakta kuma ta karɓe aikin shanun huɗa. A da manomi Hindu yakan kai tsohuwar saniya ko ɗan maraƙi kasuwa ya sayar wa dillali, bai tambayi inda za a kai su ba, dillalin ma bai faɗa ba, ya cika kuɗi ya sayi karsana. Wannan shirun shi ne sulhun da ya riƙe karkarar Indiya shekara da shekaru. Da aka toshe kasuwar, dabbar da ke da farashi jiya ta zama bakin ciyarwa, sai mutane suka koma kora ta cikin dare. Ƙidayar dabbobi ta 2019 ta samu shanu kimanin miliyan 5 suna gararamba babu mai su. Suna cin leda a bola, suna haddasa haɗari a kan hanya, suna afka wa gonakin alkama, manoma na kwana a gona da sanda cikin sanyin hunturu. A ƙarshen 2018 da farkon 2019 manoman wasu gundumomin Uttar Pradesh suka riƙa tara shanun suna kulle su a makarantun gwamnati, yara suka koma gida. Jihar ta ƙirƙiro harajin kula da shanu, ta yi tayin rupi 30 a rana ga duk wanda zai riƙe saniya guda, kuɗin da bai kai na harawa ba. Kafin zaɓen jihar na 2022 sai da Modi da kansa ya yi alkawarin magance matsalar.

Manomin bai yi gardama da kowa ba, ya dai sauya abin da yake kiwo. A ƙidayar 2019 Uttar Pradesh, mai ɗaya daga cikin dokoki mafi tsanani, tana da ɓauna kimanin miliyan 33, shanunta kuma sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 19. Yanayin ƙasa da son madara mai kauri suna da nasu tasiri a wannan zaɓi, amma ɓauna tana da wata fa'ida da kowane mai kiwo ya sani: ranar da ta tsufa akwai mai saye. Jihar da ta karɓe matsayi na ɗaya a yawan shanu a wannan ƙidaya ita ce Bengal ta Yamma, inda adadinsu ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100 daga 2012, kuma inda doka ta yarda a yanka saniyar da ta tsufa idan hukuma ta ba da takardar shaida.